RA'AYINMU: Kafin a tura yaro neman gurbi a jami'o'in Najeriya

Kowace shekara da zarar sakamakon jarrabawar bak ya fito, hankalin iyaye da dama a jahohin Maradi, Damagaram da Tawa yakan koma kudu, wato ga manyan jami'o'in Tarayyar Najeriya. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, domin daga Maradi zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba, alhali zuwa Yamai ya haura 600, haka nan mutumin Birnin Ƙonni ya fi kusa da Sakkwato nesa ba kusa ba. Ga dangi a can, ga harshe ɗaya, ga kuma sunan da jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Bayero a Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suka yi tun da daɗewa. Tun da kuma kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya sanya Ingilishi cikin harsunan aiki na Nijar tare da Faransanci, babu shakka masu sha'awar yin karatu da Ingilishi za su ƙaru.

Sai dai abin da galibin iyaye ba su sani ba shi ne, a jami'o'in gwamnatin tarayya na Najeriya maki kaɗai ba ya ba yaro gurbi. Sunan jihar da ke rubuce a takardarsa ta asali yana da nauyi ƙwarai, har ma wani lokaci ya rinjayi makin. Wanda bai fahimci wannan ba zai sayar da ɗan abin hannunsa, ya kashe wajen rajista da kuɗin mota, daga ƙarshe yaro ya dawo gida hannu rabbana, a riƙa cewa an yi masa rashin adalci ko kuma ba shi da uwa a gindin murhu.

Ga yadda tsarin yake. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, darussa huɗu da maki 400, kuma Ingilishi dole ne. Idan an zo rabon gurabe a jami'ar tarayya, ƙa'idar gwamnati ta ce a kasa su uku: kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne tsantsa, ko daga ina ɗalibi ya fito, kashi 35 na ƴan jihohin da aka ware wa wannan jami'a a matsayin yankinta, sauran kashi 20 kuma na jihohin da ake ganin an bar su baya a ilimin boko, waɗanda suka haɗa da jihohin Arewa da wasu ƴan kaɗan na Kudu irin su Bayelsa da Ebonyi. A da akwai kashi 10 da aka bar wa shugabannin jami'a su ba wanda suka ga dama, daga baya aka soke shi aka raba wa kaso na farko da na biyu.

Mai karatu ya ɗauka wani sashe yana da kujeru 100. Yaron da jiharsa ke cikin yankin jami'ar, kuma tana cikin jihohin da aka bari baya, ƙofa uku gare shi. Wanda jiharsa ba ta cikin ko ɗaya, ƙofa ɗaya tak gare shi, kuma a bakin wannan ƙofa ne zaƙaƙuran ɗalibai na ƙasa baki ɗaya ke gogoriyo a kan kujeru 45. A 2025 kusan mutum miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar JAMB, kuma mafi yawansu ba su kai maki 200 ba. A wannan shekarar an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, amma kada wannan ya ruɗi kowa, don 150 ba ta kai mutum ko bakin ƙofar sashen likita ko na lauya, inda hukumomin waɗannan sana'o'i ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. Jami'ar Ibadan takan fitar da makin yankewa na kowane sashe gida uku, na cancanta, na ƴan yanki da na jihohin baya, ta yadda kowa ke iya ganin cewa yara biyu masu maki ɗaya, ɗaya zai shiga ɗaya ya koma gida.

Ba mu daga cikin masu cewa wannan tsari zalunci ne daga tushe. Arewacin Najeriya ya makara wajen karɓar boko, jami'ar Ibadan ta buɗe tun 1948 ta Zariya sai 1962, kuma in da an saki komi a kan maki kaɗai, da wasu jihohi sun daɗe ba su ga likita ɗan gida ba. Mu a nan Nijar mun san irin tazarar da ke tsakanin yaron da ya yi lise a Yamai da wanda ya yi a ƙauyen da mushen lissafi ba ya zuwa sai rabin shekara ta wuce. Ko a Amurka, jami'ar gwamnati ta Chapel Hill a jihar Karolina ta Arewa an ƙayyade mata tun 1986 kada ƴan wasu jihohi su wuce kashi 18 cikin ɗari na sabbin ɗalibai. Amma a can zama ake dubawa, wato inda iyali ke zaune suna biyan haraji. A Najeriya kuwa, a aikace, asali ake dubawa, kuma nan ne gizo ke saƙa. Bayarabe ko Inyamurin da aka haifa a Sabon Garin Kano, ya yi firamare da sakandare a Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, idan ya nemi jami'ar Bayero baƙo ne. Bahaushen da aka haifa a Sabon Ibadan shi ma ba ya cikin kason ƴan yanki a Ibadan, ko da yake shi yana da sauƙi, tunda jihar kakanninsa na iya shigar da shi ta ƙofa ta uku.

To ina matsayin namu yaran? A nan ne ya kamata a yi hattara, don ba dukansu ne hukuncinsu ɗaya ba. Akwai ƴaƴan ƴan Najeriya mazauna garuruwanmu, ƴan kasuwa da malamai da masu sana'a, waɗanda uba ɗan Katsina ne ko Zamfara ko Jigawa. Waɗannan suna da haƙƙinsu cikakke, muddin aka nema masu takardar asali daga ƙaramar hukumarsu, wadda a can ake kira indijin, da kuma lambar ɗan ƙasa ta NIN, wadda tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da ita. Akwai kuma waɗanda uwa ce ƴar Najeriya, kuma irinsu ba su ƙirguwa a bakin iyaka. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya amince cewa wanda aka haifa a waje, ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne, kuma dokar Nijar tun 2014 ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Matsalar ita ce ƙananan hukumomi sun saba bin dangin uba wajen ba da takardar asali, saboda haka sai yaro ya zama ɗan ƙasa amma ba shi da jiha.

Sai ɗan Nijar uwa da uba. Shi ba ya cikin lissafin 35 ko 20 ko kaɗan, matsayinsa na ɗalibin ƙasar waje ne, kuɗin makarantarsa ya fi na ɗan ƙasa, kuma bashin karatu da gwamnatin Najeriya ta fara bayarwa a 2024 bai shafe shi ba. Muna ma jan hankalin iyaye ga wani ruɗani da ake yawan samu: da Ingilishi sunan jihar Neja mai hedikwata a Minna da sunan ƙasarmu rubutunsu ɗaya ne, don haka wanda ya ga sunan a jerin jihohin da aka ba kaso, kada ya yi murna, ba mu ake nufi ba. Yawan baƙin da ke samun shiga kuwa bai taka kara ya karya ba. Kwamitin da Farfesa Attahiru Jega, tsohon shugaban jami'ar Bayero, ya jagoranta a 2019 ya binciki manyan makarantu 194, ya tarar da ɗaliban waje 1,856 cikin 1,132,795, wato ko biyu cikin dubu ba su kai ba.

Bayan wannan ga batun takardu. Nijar ba ta cikin ƙasashen hukumar WAEC, alhali jami'o'in Najeriya sun ginu ne a kan sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit biyar har da Ingilishi. Mai bak sai an tantance takardarsa an ga daidai da me take. Ga kuma saɓanin lokaci, domin rajistar JAMB a farkon shekara ake yi, a zauna jarrabawa wajen watan Afrilu, mu kuwa sakamakon bak sai damina ta kankama. Wanda ya jira sakamako kafin ya fara tambaya, shekara guda ta riga ta kuɓuce masa.

Wannan ƙunci ne ke tura wasu iyaye hannun dillalai masu cewa a ba su ƴan jikkuna su samo wa yaro takardar asali ta wata ƙaramar hukuma a Katsina ko Sakkwato, a canza masa suna ko ranar haihuwa. Muna faɗa da babbar murya cewa wannan hanya ramin mugunta ce da uba ke gina wa ɗansa da hannunsa. Bayanan da aka shigar a NIN suna tafe da zanen yatsu, kuma su ne za su hau kan takardar digiri. Ranar da yaron ya dawo gida neman a daidaita masa takardarsa don shiga aikin gwamnati, sai a tarar mai bak daban, mai digiri daban. Haka nan duk wanda ya ce zai shigar da yaro ta bayan gida ƙarya yake yi, don tun 2017 kowane gurbi sai ya bi ta tsarin kwamfuta na CAPS da ke hannun JAMB, wanda bai bi ta nan ba kuwa hukuma ba ta san da zamansa ba, ko da ya shekara huɗu yana shiga aji. Kuma tun bayan abin kunyar digirin bogi na Kwatano da ya fito fili a ƙarshen 2023, wanda ya sa Najeriya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a Janairun 2024, idon hukumomi ya ƙara buɗewa a kan duk takardar da ta tsallako iyaka.

Shawararmu ga iyaye ita ce a fara shiri tun yaro yana ajin ƙarshe na lise ko kafin nan, a san matsayinsa a doka, sannan a zaɓi jami'a da sashe da lissafi. Yaron da asalinsa Katsina ne ya fi samun sarari a jami'ar jiha ta Umaru Musa Ƴar'aduwa ko ta tarayya da ke Dutsin-Ma a kan ya nace sai likitanci a Zariya. A kuma tuna cewa jami'o'in jihohi sun fi na tarayya fifita ƴan gida, har a kuɗin rajista. Kada kuma a raina na gida, tunda daga 2010 zuwa yau Maradi, Damagaram da Tawa kowace na da jami'arta, kuma yajin aikin malaman jami'a na wata takwas da aka yi a Najeriya a 2022 ya nuna cewa can ma ba a kan katifa ake karatun ba.

Amma nauyin ba na iyaye kaɗai ba ne. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya da aka kafa tun 1971, mai mazauni a Yamai, kuma fitar ƙasarmu daga CEDEAO a Janairun 2025 ya sa irin wannan hulɗa ta ƙasa da ƙasa ta ƙara muhimmanci. Muna kira ga ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta kai wannan magana gaban hukumar, a nemi a fayyace a rubuce matsayin bak a jami'o'in Najeriya, a kuma nemi wani adadi na gurabe sananne ga ɗaliban Nijar a Sakkwato, Katsina, Kano da Zariya, kamar yadda ƴan Najeriya ke karatu a jami'o'i masu zaman kansu na Maradi da jami'ar Musulunci ta Say. Kafin a kai ga haka, shugabannin lise da gidajen rediyon karkara suna iya fara bayyana wa jama'a wannan tsari da Hausa tun daga watan Disamba, kafin a buɗe rajistar JAMB.