Kafin ka saya wa Baba ƙwayar barci

Idan mahaifinka ya shafe wata uku yana kwana ido biyu, aƙalla dare uku a mako, har rana ma ba ta yi masa daɗi, rashin barcin ya zama ciwo. Tausayi na iya kai ka kemis ka sayo masa Valium ko Lexotan. Ina roƙonka ka dakata.

Jikin tsoho ba ya fitar da waɗannan ƙwayoyi da wuri. Wanda ya sha da daddare yana iya tashi alwalar asuba da jiri, ya zame a bayi, ƙashin ƙugu ya karye. Suna kuma kawo mantuwa da ruɗewa, jiki ya saba da su har barci ya gagara sai da su.

Shi ya sa a 2016 Kwalejin Likitocin Amurka ta ba da shawarar a fara da horon gyaran ɗabi'ar barci, wato CBT-I. A zama shida zuwa takwas, ƙwararre zai koya masa tashi a lokaci guda kullum, rage barcin rana, da barin gado in barci ya ƙi zuwa. Makonnin farko akwai gajiya, ƙwararrun ma ba su da yawa, amma amfaninsa yana ɗorewa bayan an gama.

Kai Baba asibiti a binciki fitsarin dare, ciwon gaɓoɓi da damuwa, a kuma rage masa goro da shayin yamma. In ya riga ya saba da ƙwaya, kada a yanke ta dare ɗaya. Likita ne zai rage ta sannu a hankali.