Lafiyar Iyali: Katin Asibiti Ba Takardar Ƙunshe Ƙosai Ba Ne

A wannan wata za mu yi magana a kan wani ma'aikaci wanda ba ya yin allura, ba ya ba da magani, amma ran majiyyaci yana iya rataya a bakin alƙalaminsa. Shi ne mai rubuta abin da likita ya gani, da abin da ya faɗa.

A Amurka wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta. Likita yakan gama duba mutum, ya faɗi ciwon da maganin cikin rakoda, sa'an nan wani akawu ya saurara ya buga da tafireta. Da intanet ta zo, sai aka riƙa aika muryar zuwa Indiya da Filifin, a buga a can, kafin gari ya waye a Amurka rubutu ya komo. A 2009 gwamnatinsu ta yi dokar da ta ba asibitoci kuɗi domin su koma ajiye labarin majiyyata cikin kwamfuta. Yau a wurare da yawa kwamfuta ce ke sauraron likita tana rubutawa, akawun kuwa yana bin sawunta yana gyara. Dole a gyara, gama a Turanci lafazin 15 da na 50 sun yi kusa ƙwarai. Ku duba abin da zai faru idan awon maganin jariri ne.

Mu nan ƙasar Kazaure, galibi likita ko malamin asibiti shi ke rubutawa da hannunsa, ma'aikacin kati ya adana fayil. Tun 1989 Nijeriya ta kafa hukumar yi wa waɗannan ma'aikata rajista, dokar lafiya ta 2014 kuma ta wajabta wa kowane asibiti ya ajiye labarin majiyyaci, ya kuma rufa asirinsa. Amma fayil ɗin da aka buɗe maka a Karkarna ba shi da ƙafa. Ba zai bi ka Babban Asibitin Kazaure ba, balle Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Abin da ke binka shi ne takardar da ke hannunka.

Wannan dabara ta barin kati a hannun mai shi, a ƙasarmu ta yi ƙarfi. Wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, ya zo aiki Ilesha a 1956. A ƙauyen Imesi-Ile ya tsara katin awon nauyin yara, ya bar shi a hannun uwa, ba a kabad ɗin asibiti ba. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaɗa irinsa ko'ina. Katin awon da ke cikin akwatin uwargida jikansa ne.

To, mene ne namu a ciki?

Na ɗaya, mu tsaya a kan suna guda. Yarinya ɗaya takan zama Ladi a gida, Rifkatu a makaranta, Uwani a bakin kakarta. In kowane mai kai ta asibiti ya faɗi nasa, ta sami kati uku ke nan, ba wanda ya san labarin ɗan'uwansa.

Na biyu, mu roƙa a karanta mana abin da aka rubuta. Mu da Hausa muke faɗa, su da Turanci suke rubutawa. In mace ta ce tana da “sanyi”, wane sanyi? Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, kada mu ɓoye kome. Maganin da muka saya a kyamis, da jiƙon da aka sha, duka a faɗa. Idan wata allura ko ƙwaya ta taɓa sa wa yaro kumburi ko ƙuraje, mu tabbata an rubuta sunanta a katinsa. Sha na biyu yana iya fin na fari haɗari.

Na huɗu, mu sa katunan gida duka cikin leda ɗaya, nesa da gara da yoyon damina. Mai waya ya ɗauki hotonsu. Maigida da uwargida su san inda suke, gama ciwo ba ya sallama, sau da yawa ma da tsakar dare yake zuwa.

Ko da kwamfuta ta cika asibitocin Roni da Gwiwa da Babura, ba za ta rubuta abin da ba a gaya mata ba, ba kuwa za ta san Ladi ita ce Rifkatu ba. Yau kafin a kwanta, a nemo katunan nan a duba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.