Mai gadin da ba a gani a bakin gadar Gaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gadar da ta haɗa Gaya ta Nijar da Malanville ta Benin ya san cewa takarda ce ke tafiyar da kaya kafin mota ta tafiyar da su. A da takardar hannu ce, da tambari da layi mai tsawo. Yanzu mafi yawanta fom ne a kwamfuta. Jami'an duwan na Nijar suna aiki da SYDONIA, manhajar da hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara ƙirƙira tun 1981, kuma a 2019 CEDEAO ta ƙaddamar da SIGMAT don bayanan kayan da suka taso daga tashar Kwatano su riga motar isa iyaka. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar zirga-zirga a gadar ta tsaya cik, amma cika fom bai tsaya ba: rajistar jarrabawa, neman aiki, aika kuɗi, duk ta nan ake bi.

Abin da mutane ba sa gani shi ne abin da ke faruwa bayan an danna maɓallin aikawa. Wayar mutum tana tattara abin da ya rubuta, kowane gurbi da sunansa, ta tura wa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin. A can wani ɗan gajeren umarni, galibi da harshen PHP da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, shi ne yake buɗe saƙon, ya karanta, ya yanke shawarar karɓa ko ƙi. Wannan umarni shi ne ainihin jami'in da ke bakin ƙofa. Matsalar ita ce sau da yawa wanda ya rubuta shi bai taɓa jin labarin garin da ƙasa uku suka haɗu a kasuwarsa ba.

Lambar waya ta isa misali. Ta Nijar alƙaluma takwas ce. Ta Najeriya, wadda ɗan Kamba yake riƙe da ita, goma sha ɗaya ce idan an haɗa da sifirin farko. Ta Benin takwas ce har zuwa 30 ga Nuwamba 2024, ranar da aka ƙara 01 a gaba ta koma goma. Duk fom ɗin da aka kafe shi a kan takwas, daga wannan rana ya daina sanin maƙwabcin da ke tsallaken kogi. Haka batun awo: mai karatun Faransanci yana rubuta tan 12,5 da waƙafi, mai karatun Ingilishi yana rubuta 12.5 da ɗigo. Umarnin da bai lura ba yakan yar da rabin tan ɗin nan ba tare da ya ce uffan ba. Ga kuma dattawan da takardarsu ta ce an haife su wajen shekara kaza, ba rana ba wata, waɗanda fom ya tilasta wa kowa zama ɗan 1 ga Janairu.

Sunaye ne suka fi shan wahala. Ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna cikin Unicode, wato jerin haruffan da kwamfuta ta sani, amma idan ba a saita uwar garke a kan UTF-8 ba, Ɗanladi zai fito da alamar tambaya a goshinsa. Mu'azu da Sa'adatu kuwa tasu ta fi haka. Ɗan waƙafin nan na sama da ke tsakiyar sunansu shi ne alamar da harshen rumbun bayanai, SQL, yake amfani da ita wajen rufe zance. Idan aka manna sunan kai tsaye cikin umarni, sai komai ya rikice. Ta wannan ƙofa ce ɓarayi suke shiga: a 2015 an kwashe bayanan mutum kusan 157,000 daga kamfanin TalkTalk na Ingila, aka ci shi tarar fam 400,000.

Malalacin mai rubuta manhaja yakan magance wannan da haramta alamar baki ɗaya, sai Mu'azu ya koma Muazu, sunan da ke fom ya saɓa da wanda ke katin shaida, a ce masa ya dawo gobe. An jefi tsuntsu, an kashe kazar gida. Maganin gaskiya tsoho ne kuma kyauta ne: a aika umarnin daban, bayanin daban, ta yadda rumbun zai ɗauki sunan a matsayin suna kawai. Sannan a sake tantance komai a uwar garke, domin binciken da ake yi a wayar mai cikawa kowane ɗan hatsabibi yana iya tsallake shi.

Nijar tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Hukumomin da ke ba da kwangilar gina irin waɗannan shafuka su ƙara sharaɗi ɗaya kafin biyan kuɗi: a gwada fom ɗin da suna mai ƙugiya, da suna mai waƙafi, da lambobin waya na ƙasashe ukun. Wanda ya faɗi wannan gwaji, kada a karɓe shi.