Zaman Ikko: Karen Farauta A Gidan Haya

Bahaushe bai san kare abin ado ba. A Arewa kare ma'aikaci ne: ko ya bi mafarauci daji, ko ya tsare garke, ko ya kwana a bakin gona, kuma domin waɗannan ayyuka ne malamai suka halatta ajiye shi. To, amma zaman Ikko yakan koya wa mutum sha'awar da bai zo da ita ba. Ko a Agege, inda fataken goro suka kafa Zango, mai sukuni yana iya ganin ɗan karen Turawa mai dogayen kunnuwa da gashi kamar alharini, wanda ake kira sifaniyal, ya saya wa yara.

Abin da mai sayarwa ba zai faɗa ba shi ne, wannan kare mafarauci ne tun asali. A Ingila an raine shi ne domin ya kutsa sarƙaƙiya ya tayar da tsuntsu, maharbi ya harbo, shi kuma ya ɗauko. Da a dajin Arewa yake, fakara da zabon daji ne abokan hulɗarsa.

Karen da jininsa ya saba yini yana gudu, in aka ɗaure shi a tsakar gidan haya mai ɗaki goma da famfo ɗaya, sai haushi dare da rana, da tonon ƙasa, da tauna takalman masu salla. Ranar da ya sa baki a kwanon maƙwabci kuwa, wanki bakwai ya hau kan wanda bai sayi kare ba, zaman lafiyar shekara da shekaru ya soma tangaɗi. Laifin ba na karen ba ne.

Har wa yau ga damshin Ikko. Kunnuwan nan da suka ja hankali suna rufe ƙofar kunne, iska ba ta shiga, sai ciki ya ruɓe in ba a duba ana sharewa kowane mako. Kaska ma takan ɓuya cikin gashin.

Babbar magana ita ce haukan kare, cutar da in ta bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa allurar rigakafinta, kuma likitocin dabbobi sukan ce a maimaita wa kare kowace shekara.

Bayan wannan sai fili, da aƙalla sa'a guda ta gudu kullum. A Agege filin ya fi allurar wuyar samu.