Tumatir Daga Kadawa Zuwa Ikko: A Raba Shi Da Kwando

Sanin kowa ne cewa tukunyar miya a Ikko da Badun da Anacha ba ta yin ja sai motocin arewa sun iso. To, amma kaɗan ne suka san cewa shi tumatir ɗin baƙo ne a ƙasar nan. Asalinsa tsiron daji ne a yammacin Amurka ta Kudu, wajejen Peru. Mutanen Meziko su ne suka shahara da nomansa, suna ce da shi tomatil, kuma daga bakinsu sunan ya bi ta harsunan Turawa har ya zama tumatir. Bayan da Sifaniyawa suka ci Meziko a 1521 ne aka kai shi Turai, inda wasu suka daɗe suna gudunsa, wai guba ne.

A arewa kuwa ya tarar da ƙasa tamkar tasa. Shi tsiro ne mai son rana amma ba ya jure zafi mai tsanani, gama zafi yana kakkaɓe masa fure, ruwan damina kuma yana jawo masa cuta. Saboda haka sanyin hunturu da ruwan fadama suka karɓe shi. Ana yafa iri, a dasa bayan mako 3 ko 4, a fara tsinka cikin wata 2 zuwa 3. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, sai Kadawa da Kura suka zama gidan noman rani.

Manomi dai ya yi nasa. Ya sha fama da tsutsar nan da ake kira sharon, wadda ita ma daga Amurka ta Kudu ta fito, ta cinye gonaki a 2016 har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Duk da haka bai jefar da fartanya ba. Abin takaici shi ne, abin da ya tsira daga tsutsa yakan mutu a hanya.

Daga Kano zuwa kasuwar Mil 12 tafiya ce ta kilomita wajen 1,000. Ana cika kwando ya yi tozo, a jera wani bisa wani, nauyin na sama ya sauka kan na ƙasa, tsinken kwandon kuma ya yi ta sukar 'ya'yan. Kafin a isa, ruwan tumatir na tsiyaya daga gindin mota. Dillali ya karya farashi, mai kaya ya koma gida ya karya na manomi. Ashe hasarar da aka yi a kurmi, a bakin fadama ake biyanta.

Maganin wannan ba ɓoyayye ba ne. Akwatin roba mai ɗaukar kilo 25 yana zama ne bisa bakin ɗan'uwansa, nauyi ba ya taɓa kaya, iska tana ratsawa, ana wanke shi a sake lodi. Masu ƙin sa suna cewa yana da tsada, kuma mayar da shi arewa sai an biya mota. Gaskiya ne, wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

A nan ne nauyi ya hau kan 'yan arewa mazauna kudu. Su ne ke tsakanin mai noma da mai ci. Suna da sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan gwari waɗanda ke karɓar kuɗin shiga a kan kaya. Ya kamata a ware wani kaso daga ciki a sayi akwatuna, a riƙa ba da su haya, a kuma daidaita da direbobi kan ladan mayarwa. Wakilan jama'a a majalisa su matsa a gyara hanya, a rage shingayen da ke tsai da ɗanyen kaya cikin rana.

Wanda ke Mil 12 ɗan wanda ke Kadawa ne, ko ƙanensa. Kowane akwati da ya iso lafiya, taki ne da kuɗin makaranta a gida. Allah ya sa shugabannin kasuwa su ji.