Shafin Jami'ar Agadas ba allon talla ba ne

Tsakanin ɗan kasuwar Asamaka da Jami'ar Agadas, wadda aka kafa a 2014, akwai tafiyar fiye da kilomita 400. Kafin ya biya wa ɗansa kuɗin mota, wayarsa yakan duba, Wikipedia kuwa ita ke amsa masa. Tun da Cominak ta rufe ma'adinarta ta Akokan a 2021, iyalai da dama a yankin Arlit ba su da kuɗin ɓarnatarwa. Bai dace ba masu mulki su cika shafin da kirarin kansu, ko ƴan adawa su mayar da shi fagen ramuwar gayya. Wanda duk ya rubuta yawan ɗalibai ko fannin karatu, ya kawo takardar shaida da shekararta. In babu, a goge.