Turmin shekara shida ba ya famfara

Duk wanda ya je sayen rago a kasuwar Gure ya san abin da ake fara yi. Kafin a yi ciniki sai a buɗe bakin ragon a duba haƙora. In ƙananan haƙoran nono ne kaɗai, an san bai daɗe da haihuwa ba. In manyan haƙora 2 masu faɗi sun fito a tsakiya, an san ya cika shekara ko ya zarce. Makiyayi ba ya ruɗewa a nan. To, mu nawa ne muka taɓa buɗe bakin ɗanmu mai shekara 6 muka duba haka? A ganinmu wannan sakaci ne babba, kuma yana sa yaranmu asarar haƙorin da ba shi da madadi.

Allah ya ba ɗan Adam haƙora sahu biyu. Sahun farko su ne haƙoran nono, guda 20: na gaba 8, fiƙoƙi 4, turame 8. Suna fara fitowa wajen wata 6, su cika kafin yaro ya wuce shekara 3. Sahu na biyu su ne na girma, guda 32. Daga su babu wani sahu kuma.

Mutane da yawa suna zaton bambancinsu a girma ne kawai. Akwai abin da ya fi wannan. Kowane haƙori yana da farin ɓawo mai tauri a waje. Babu abin da ya kai ɓawon nan tauri a jikin mutum. A ƙarƙashinsa akwai ƙashin haƙori, wanda bai kai shi ƙarfi ba. Can tsakiya kuma akwai ɓargo, inda jijiyar jini da jijiyar jin zafi suke. Ɓawon haƙorin nono siriri ne, kaurinsa wajen rabin na babban haƙori. Ɓargonsa kuwa ya cika ciki, ya matso kusa da waje. Wato katangar ba kauri, ɗakin kuma yana dab da ita. Shi ya sa ɗan baƙin tabo da uwa ta gani da kaka yake iya zama kogo mai hana barci kafin damina ta dawo. A bakin babba ruɓewar takan ɗauki lokaci fiye da haka.

Ana cewa tsutsa ce take cin haƙori. Babu tsutsa a ciki. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, suna zaune a daɗɗaurar abincin da ta manne a haƙori. In sun samu sukari sai su fid da tsami, tsamin ne yake cin ɓawo sannu a hankali.

Akwai kuma masu cewa haƙorin nono ba shi da saiwa, don sun ga wanda ya faɗi babu komai a gindinsa. Yana da saiwa. Saiwoyin turmin nono ma sun buɗe ne kamar ƙafafun murhu, babban haƙorin da zai gaje shi yana kwance a tsakaninsu yana girma. In lokaci ya yi, na ƙasa ya taso, saiwar na sama takan narke kaɗan kaɗan har ya yi girgiɗi ya faɗi. Wannan ita ce famfara. Ke nan in haƙorin nono ya ruɓe har ya tara mugunya a gindi, mugunyar tana kan magajinsa. Wani lokaci sabon yakan fito da tabo ko da ɓawo marar ƙwari tun ranar farko.

Yanzu ga inda muka fi son a tsaya a fahimta. Wajen shekara 6, wani babban turmi yakan fito a can ƙurya, bayan turmin nono na ƙarshe. Guda 4 ne: biyu sama, biyu ƙasa. Kafin ya fito babu haƙorin da yake faɗuwa, sau da yawa kuma ba ya ciwo. Saboda haka iyaye ba su lura da shi. A daidai lokacin hankalin kowa yana kan giɓin gaba, ana yi wa yaro tsiya ana dariya. In turmin nan ya fara baƙi a shekara 8 ko 9, sai a ce, "Ƙyale shi, ai zai famfare." Ba zai famfare ba. Haƙorin girma ne, da shi yaron zai tauna tuwo da nama har tsufa, in an kiyaye shi. In an cire shi, wurin ya zauna fayau, na kusa da shi su karkato.

Gane shi ba wuya, duk wanda ya iya ƙidaya zai iya. A sa yaro ya buɗe baki a wurin haske. A fara daga tsakiyar haƙoran gaba, a ƙidaya zuwa ƙurya ta gefe ɗaya. Na 1 zuwa na 5 gurbin haƙoran nono ne, ko da wani ya faɗi a ƙidaya gurbinsa. Na 6 shi ne turmin da muke magana. Ya fi na gabansa girma, launinsa ya ɗan yi rawaya, samansa da ƴan kwaruruka masu zurfi inda abinci yake maƙalewa. Wani turmin yakan biyo bayansa wajen shekara 12. Na can ƙarshe sai bayan shekara 17, wasu mutane ma ba ya fito musu ko kaɗan.

Kada uwa ta tsorata don sababbin haƙoran ɗanta ba su kai na nono fari ba. Haka halittarsu take. Haka kuma ƴan tsaga-tsagar da ake gani a bakin sababbin haƙoran gaba, kamar bakin zarto, tauna ce za ta goge su.

Wani zai ce, to, mu kula da turmin shekara 6, na nono kuwa tun da za su zube, mene ne na wahala? Amsa ita ce turamen nono ba su zubewa sai tsakanin shekara 10 da 12. Shekaru masu yawa ke nan na tauna. Yaron da bakinsa yake ciwo ba ya cin abinci sosai, kuma mun san halin da yaro marar ƙoshi yake shiga a ƙasar nan lokacin bazara. Ban da haka, kowane haƙorin nono yana tsare wa magajinsa wuri ne. In ya fita da wuri, maƙwabtansa su matso su cike gurbin, sai sabon ya rasa hanya ya fito a karkace ko a haye wani.

A jahar Damagaram muna da wani dalili da ya fi duk waɗannan nauyi. Cutar noma, wadda wasu suke kira ciwon iska, daga dasashi take farawa. Ta fi kama yara masu shekara 2 zuwa 6 da ba su samun isasshen abinci, ko waɗanda ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya raunana. Da fari dasashi ne yake kumbura yana jini, baki yana wari. Cikin ƴan kwanaki sai ta ci kunci. In an kai yaro likita tun tana dasashi, magani yana tsayar da ita. Ƙungiyar Sentinelles ta fara karɓar irin waɗannan yara a birnin Damagaram tun 1992, a Sakkwato kuma an buɗe asibitin noma a 1999. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Uwar da ta saba duba bakin ɗanta ita ce take ganin alamar da wuri.

Daga Gure zuwa Damagaram tafiya ce ta fiye da kilomita 150, balle wanda zai taso daga Kelle ko Bune. Kuɗin mota kawai ya isa ya sa magidanci ya ce a jira. Don haka tsarewa a gida ta fi mana sauƙi. Asuwaki ba baƙon abu ba ne a wurinmu, manya suna yi kullum, amma ba kasafai ake yi wa yara ba. Da zarar haƙori na farko ya fito, a riƙa goge shi da tsumma mai tsabta. In ya ƙara girma, a yi masa da asuwaki mai laushi ko buroshi, safe da dare, na dare ya fi muhimmanci. In akwai man goge haƙori mai sinadarin fuloraid, ɗan kaɗan ya isa: kamar ƙwayar shinkafa ga wanda bai kai shekara 3 ba, kamar ƙwayar wake ga wanda ya wuce. Babba ya riƙa taimaka masa har wajen shekara 7, domin hannun yaro ba ya kaiwa ƙurya.

Sai maganar zaƙi. Shayi na uku, wanda ya fi sukari, shi muka saba miƙa wa yara. Ga alewa da biskit a ƙofar lakwal. Dabinonmu na kwari abinci ne mai kyau, amma yana manne wa turame, in an ci a kurkure baki. Yawan maimaita zaƙi cikin yini ya fi ɓarna bisa ga cin sa sau ɗaya tare da abinci.

In yaro ya faɗi haƙori ya fita gaba ɗaya, a duba wane iri ne. Na nono ba a mayar da shi, don kada a ji wa na ƙasa. Na girma kuwa a riƙe shi ta kai, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta. A sa shi cikin madara a ɗan kofi, a nufi likita da yaron nan take, domin bayan awa 1 da wuya ya sake kamawa.